Ƙanin Baba Kafinta

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Yaya ya riga ni tafiya, kamar yadda ya saba riga ni a komai.

Ranar Talata da hantsi aka yi masa sutura, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Muna shigowa layinmu na Gyadi-Gyadi na tarar an shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gidansa har bakin masallaci, ba su isa ba sai da aka aro na Islamiyya. Ni aka zaunar a tsakiya, domin ni kaɗai na rage cikin waɗanda Inna ta haifa. Kwana uku ina miƙa hannu ina amsa gaisuwa. Kuma zan faɗi gaskiya tun daga nan, tunda saboda ita na ɗauki biro: bakina yana cewa "haƙuri sai ma'aiki", idona kuwa yana bin layin mutane, ina tambayar kaina ko rubu'insu za su zo ranar tawa.

Wani direban tifa, mutumin ƙauye, ya tsuguna a gabana yana share ido da bakin rigarsa. Ya ce lokacin da ya fara shigowa Kano ya kama ɗaki a Unguwar Gano, ɗakin ba ƙyaure, buhu ya rataya. Yaya ya wuce ya gani, bai san shi ba, bai tambayi sunansa ba, washegari sai ga shi da ƙyaure a ka. Wani kuma ya ce allon da 'ya'yansa shida suka yi karatu da shi Yaya ne ya sassaƙa, har yau bai tsage ba. Kowa da nasa. Idan mutum ya gama, sai ya dube ni ya ce, "Kai ne ƙanin Baba Kafinta ko? Allah Ya ba ka haƙuri."

Gemuna fari fat. Na je Makka. Shagona yana da allo da sunana a rubuce, harufa manya. Amma a kan tabarmar nan ba wanda ya kira ni da wani suna sai ƙanin Baba Kafinta.

Rana ta biyu wata tsohuwar malamar makaranta ta zo, 'yar Filato, wadda duk unguwa ke kira Mama Ticha. Ta tsufa sosai, jikarta ce ke riƙe da ita. Kafin ta shiga wajen mata ta tsaya a gefen tabarmi ta ce sai ta gaishe ni. Ta ce, "Baba, ranar da maigidana ya rasu ba ni da kowa a garin nan, 'yan'uwa duk suna gida. Yayanka ne ya yi masa akwati. Wasu suka ce masa ina ruwansa da akwatin Kirista, ya ce maƙwabcinsa ne, shekara nawa suna gaisawa. Ya goge shi sumul kamar na gwamna. Ba zan manta ba."

Na ce, "Allah Ya saka, Mama."

Ban gaya mata cewa murfin akwatin nan ni na goge shi ba. Ni na shafa masa man ƙyalli, ni na riƙe gefe ɗaya har cikin mota. Ta gan ni ranar, ta ba ni ruwa na sha. Ta manta. Ba laifinta ba ne. Haka abin yake tun muna yara: idan ni da Yaya muka ɗauki abu, mutane shi kaɗai suke gani.

Shekara tara ya ba ni. Shi ne na fari, ni ne auta, waɗanda ke tsakaninmu duk sun rasu da ƙuruciya. Har ya bar duniya Auta yake kirana, ko a gaban surukaina. Mahaifinmu ya rasu ina rarrafe, saboda haka Yaya bai ga ƙofar boko ba, daga allo sai zarto. Ni kuwa ya tsaya kai da fata sai na gama firamare. Da yamma in na taso sai in wuce rumfarsa, a can na koyi aikin. Duk abin da hannuna ya sani, daga hannunsa ya fito. Wannan ban taɓa musu ba, ko a zuciyata. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, komai na koya, ya riga ya fi ni a kansa, kuma ba ya ko lura ya fi ni.

Yana da halaye da duk wanda ya zauna da shi ya sani. Ba ya sayen katako sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ya kara kunne, sannan ya kankare gefe da farce ya sansana. Masu sayarwa a 'Yan Katako suna dariya, amma in ya ajiye falanki ya ce "wannan da saura", su ma gefe suke mayar da shi. Fensirinsa kullum a maƙale yake tsakanin hula da kunne, har sallah yakan shiga da shi sai an taɓa shi. Idan yana awo ba ya amsa sallama sai ya ja layi. Maganarsa a wajen aiki ba ta wuce biyu: "Sake aunawa" da "A bar shi ya bushe." Na tsani kalmomin nan biyu kamar me.

Akwai shekarar da kowannenmu ya yi wa Inna kujera 'yar tsugunno, lokacin na fara jin kaina. Tawa na yi mata zane a gefe, na shafa fenti kore. Ta Yaya ba ado ko ɗaya. Inna ta karɓi duka biyun ta sa mana albarka. Bayan sati na shiga gaishe ta, na tarar tana zaune a kan ta Yaya tana tankaɗe, tawa kuwa an ɗora mata tulun ruwa.

Na ce, "Inna, tawa ba ta yi ba ne?"

Ta ce, "Ta yi mana, Auta. Taka ta fi kyau, shi ya sa ba na so ta lalace."

Na fita ina murmushi. Sai da na kai ƙofa na tuna tulu kullum a jiƙe yake. Daga baya na zauna a kanta da kaina, na ji ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa sosai.

Da na yi aure na haifi 'ya'ya biyu sai na ce zan ware. Na kama fili a bakin titi a Tarauni na kafa rumfata. Na zaci zai ji haushi, har na shirya amsar da zan ba shi. Sai kawai ya raba kayan aikinsa gida biyu, ya ce in zaɓa. Na zaɓi masu kyau ina kallon fuskarsa. Shi ma ya taya ni ɗaurewa a kan kura. Shekaru na yi a rumfar nan ina jin magana ɗaya daga bakin masu zuwa: "Mun je wajen yayanka, aiki ya yi masa yawa, ya ce mu zo nan." Abincin gidana ragowar nasa ne, kuma shi yake turo mini da hannunsa.

Sai shekarar da soja suka koma bariki. Gari ya cika da fastoci da amsa-kuwwa, mutanen da jiya muke shan shayi tare yau sun zama masu jiniya. Yaya bai shiga ba, ranar zaɓe ya je ya jefa ƙuri'arsa ya koma kan bencinsa. Ni na shiga da ƙafa biyu. Akwai wani ɗan kasuwa da nake yi wa allunan kamfe, ina kafa masa dandamali in za a yi taro. Allah Ya ba shi muƙami, muka koma ce masa Honarabul. Ya ɗora bene a Darmanawa, da doguwar baranda a sama mai kallon titi.

Wata rana ya aiko a kira ni. Na tarar da kwalaye a falo. Ya ce ya je ƙasar waje ya ga irin makarin baranda da bai taɓa gani a Kano ba: dirkokin katako a jere, an huda su, an zura igiyoyin ƙarfe na silba sirara, irin wanda ba ya tsatsa, an ja su sun miƙe kamar tsirkiyar garaya. Mutum na zaune yana ganin titi, iska na shiga. Ya sayo igiyar da notinan da ake jan ta da su, har da wata takarda mai hotuna da ƙananan rubutu na Turanci. Katako kawai ya rage, da mai haɗawa.

Ya ce, "Na ce ko ka yi wa yayanka magana? An ce ba kamarsa a aikin da ke son natsuwa."

Ni na yi masa yawon rana, ni na hau tsani na ɗaura masa tuta, amma da aiki mai kyau ya zo, Yaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Yaya gwani ne, amma na aikin da. Wannan aikin zamani ne, sai wanda ya iya karanta takarda. Shi ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko."

Haka na faɗa. Mutumin da ya hana kansa makaranta don in je, da wannan na kayar da shi. Honarabul ya ce to, amma yana so a gama kafin walimar shiga gida, saura sati biyu, manyan jam'iyya za su zo.

Damina ce lokacin. Busasshen maɗaci ya yi wuya a kasuwa, wanda na samu sabon yanka ne, ja wur, mai nauyi. Na san ɗanye ne. Hancina ma ya sani, ai a wajen Yaya na koya. Na ce a raina fenti zai rufe. Ina cikin yankan dirkoki a rumfata sai ga shi a kan kekensa, ya dawo daga wani suna a Babban Giji ya biyo mu gaisa. Ya jingine keken, ya ɗauki dirka ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne.

"Auta, na mene ne wannan?"

Na gaya masa, ina kumbura, na nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta yi haske kamar yaron da aka ba sabon abin wasa. Ya ce, "Ikon Allah. Wato duk ƙarfin igiyoyin nan a kan dirkar farko da ta ƙarshe zai taru. To ai kuwa waɗannan sun yi siriri, kuma katakon da saura. A bar shi ya bushe."

Na ce, "Ba lokaci."

"To ka gaya wa mai gidan gaskiya. Bene ne fa. Yana da yara?"

A nan na fashe. Na ce masa baƙin ciki yake yi don an tsallake shi an ba ni. Na ce shekara da shekaru yana turo mini ƙananan ayyuka yana riƙe manya, yau Allah Ya kawo nawa ya zo zai zuba mini ƙasa. Na ce duniya ta canza, ya je ya ci gaba da sansana katako. Masu shagunan kusa suka leƙo. Yaya ya ajiye dirkar a hankali, daidai inda ya ɗauke ta. Ya ce, "Allah Ya ba da sa'a, Auta." Ya hau kekensa. Ban taɓa ganin bayansa ya yi ƙanƙanta kamar ranar ba, kuma, Allah Ya yafe mini, daɗi na ji.

Na gama aikin saura kwana biyu walima. Na huda dirkokin da ido, na zura igiyoyi, na kama sifana mai juya noti na fara daga ta sama na ɗaure ta tamau, na sauko ta biyu, haka har ƙasa. Falankin sama da ake dafawa kuwa a ƙarshe na ɗora shi, da 'yan ƙusoshi. Ranar walima rana ta haska igiyoyin nan suna walƙiya, masu wucewa suna tsayawa. Manyan mutane suka hau suna taɓawa suna tambayar wa ya yi. Honarabul ya nuna ni. Ranar na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na so ƙwarai a ce Yaya yana wajen.

Damina ta ɗauke, zafin kaka ya shigo. Katako ya fara shan iska yana tsukewa. Dirkokin gefe suka sunkuyo ciki, ɗaya ta tsage daga rami zuwa rami, igiyoyin suka saki. Ni ban sani ba, domin tun da aka sallame ni ban koma ba.

Wata safiya direban Honarabul ya zo ya ce in taso yanzu. Na tarar da Honarabul a tsakar gida ko hula babu. 'Yarsa ƙarama, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta tura kai tsakanin igiyoyi biyu, suka buɗe mata, ta zura kafaɗa, rabin jikinta ya fita waje. Uwarta ce ta cafko ta ta bayan riga. Ina jin kukan uwar daga ciki, ba na yarinyar ba, ita ta riga ta yi shiru.

Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Da yanzu gawa nake wankewa. Ka hau ka gani." Na hau. Na sa hannu ɗaya na raba igiyoyin kamar labule. Na leƙa ƙasa na ga siminti. Na zauna a wajen. Ya ce ya ba ni kwana uku, ko in gyara ko ya sa a tumɓuke a kawo mini rumfata a zube, kowa ya gani.

Na koma rumfa na zauna har la'asar ban taɓa komai ba. Na san wanda zai iya gyarawa, tafiyar minti kaɗan ce tsakaninmu. Wata huɗu ke nan ba mu yi magana ba sai gaisuwar masallaci. Na gwammace a tumɓuke. Ashe maiɗakina ta ga yadda na shigo na fita ban ci abinci ba, ta tambayi direban, ta yafa mayafi ta tafi wajen matar Yaya.

Washegari da sassafe na isa Darmanawa da niyyar in ƙara ɗaure notina kawai in ga abin da Allah zai yi. Na tarar da kura a ƙofar gidan, Yaya na zaune a gefenta yana cin ƙosai. A kan kurar akwai maɗaci, manyan gungume huɗu da falankai, sun yi duhu don daɗewa. Na gane su. Shekara da shekaru suna jingine a soronsa, ya ce na gadon auren 'yarsa ta fari ne, ba ya bari ko a zauna a kansu.

Na ce, "Yaya, wannan ai na gadon yarinyar nan ne."

Ya ce, "Aurenta sai baɗi. Zo ka kama mini, bayana ba ya son nauyi yanzu."

Bai ambaci abin da ya wuce ba, ko da ido. Muka kwance komai. Dirkokin gefe ya yi su ruɓi biyu, ya ɗaure su da faranti na ƙarfe cikin siminti. A kusurwa, inda na lanƙwasa igiya a jikin dirka ɗaya har ta ci katakon, ya kafa biyu. Ya yanko siririn falanki ya jera masa ramuka, tazarar yatsu huɗu, ya mai da shi ma'auni, kowace dirka da shi aka yi mata alama. Ramin kuma ba ya huda shi ya ɓulle, sai ya kai rabi ya juya ya taro shi ta ɗaya gefen, don kada ya karkace. Falankin sama ya kafa shi da ƙarfi tun kafin a zura igiya ko ɗaya, ya ce shi zai tokare dirkokin kada su sunkuyo.

Rana ta uku, da muka zo ɗaurewa, ya tsaya yana kallon igiyoyin. Ya ce, "Ina ganin daga tsakiya za a fara, kaɗan-kaɗan, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a yi ta zagayowa. Amma ban sani ba. Ina takardar nan? Karanta mini, Auta, mu ji abin da masu abin suka ce."

Na ciro ta daga aljihu. Sai a lokacin na karanta ƙananan rubutun, da hotuna kawai na kalla. Ina karantawa ina fassara masa, muryata na raguwa. A fara daga tsakiya. A yi amfani da busasshen katako. A ƙarfafa dirkokin gefe. A kafa na sama kafin a ja. Duk abin da ya yi cikin kwana biyu yana nan a rubuce, kamar shi ya faɗa aka rubuta.

Ya yi dariya, ta jin daɗi, ba ta ba'a ba. Ya ce, "Ashe su ma haka suka gani. Ka ga amfanin karatu."

Da muka gama ya ɗauko gwangwanin madara ya bi tsakanin igiyoyin yana turawa, ko'ina ya ƙi wucewa. Sannan ya jingina bayansa da makarin, ya saki nauyinsa duka, a saman bene, yana kallona. Makarin ko motsi bai yi ba.

Honarabul ya hawo. Ya girgiza dirka, ya ja igiya ta yi ƙara. Ya dubi Yaya da ke tsugunne yana tattara kayan aiki cikin buhu, ya ce, "Baba, kai ka yi wannan?"

Yaya ya ce, "Aikin ƙanina ne, ranka ya daɗe. Katako ne ya ba shi kunya wancan karon. Ni riƙe masa na yi, shi ya karanta takardar."

Ina tsaye. Kalma ɗaya ta ishe ni in gyara maganar. Na bar ta a haka.

Daga wannan baranda arzikina ya tashi. Duk wanda ya samu muƙami ya ɗora bene, irin ta gidan Honarabul yake so, kuma ni ake nema. Na yi a Darmanawa, na yi a Babban Giji, na yi har wajen gari, kuma ban ƙara kuskure ba, domin yadda na ga Yaya ya yi haka nake yi. Na sayi babur, na rushe rumfa na gina shago, na riga shi zuwa Makka. 'Yarsa kuwa da gadon katakon kasuwa aka kai ta. Duk wanda ya karanta wannan ya sani: makarin da ke gidan nan har yau, wanda ake cewa nawa ne, na Yaya ne.

Mai hankali zai ce daga nan zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba, ƙaruwa abin ya yi. Da, hannunsa kawai nake ƙyashi. Yanzu na ga akwai wani abu a cikinsa da ba a koya a kan benci, kuma ba ni da shi. Ranar da na dawo daga Makka shi ya fara tarata, ya rungume ni yana cewa "Alhaji Auta, Alhaji Auta", murna har kunne. Na leƙa idonsa ina neman ɗigon abin da ke cikin nawa, ko kaɗan ne, don mu zama daidai. Ban samu ba.

Ciwonsa na ƙarshe ya ɗauki wata bakwai. Hannunsa ya fara rawa, har kofi sai an riƙe masa. Ranar da na fara ganin haka wani tunani ya gilma mini, cewa yau dai hannuna ya fi nasa. Na yi istigfari, amma ya riga ya gilma. Nakan je da hantsi in zauna a gefen katifarsa. Wata rana ya miƙo mini takardar asibiti ya ce in karanta masa yadda za a sha maganin. Ina karantawa yana kallon bakina.

Ya ce, "Na so a ce na iya wannan."

Na ajiye takardar. Na ce, "Yaya, akwai maganar da na faɗa a kanka a gaban Honarabul, da wadda na faɗa maka a rumfa. Ina so..."

Ya ɗaga hannun nan mai rawa. "Ka karya kuwa? Ke, a kawo wa Auta kunu." Ya juya yana tambayata ko jikata ta fara haƙori. Ban sake samun hanyar maganar ba. Har yau ban sani ba ko ya yafe ne tun tuni, ko kuwa bai taɓa ɗaukar abin laifi ba. Na fi tsoron na biyun.

Safiyar da ya rasu, ana cikin yi masa wanka, na tuna itacen da ake jerawa a rufe kabari kafin a zuba ƙasa. Yawanci a bakin maƙabarta ake saye, guntaye, wani karkatacce, a cike ramukan da ganye da laka. Na ce ba za a rufe Yaya da wannan ba. Na tafi shagona ni kaɗai, na aika aka auno mini faɗin kabarin, na ciro busasshen maɗacin da na fi ji da shi. Na auna, na sake aunawa. Na yanka, na goge gefunan har suka haɗu ba a ganin haske tsakaninsu. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin wannan ba, kuma na san cikin awa ɗaya ƙasa za ta rufe shi, ba mai sake gani.

Da aka sa shi aka fara jerawa, falankan suka zauna ɗaya bayan ɗaya, ba a nemi ganye ko ɗaya ba. Tsohon da ke kula da maƙabartar, wanda ya rufe mutane ba adadi, ya shafa su da tafin hannu. Ya ɗago ya ce, "Kai, wa ya yanka wannan? Ko marigayin ne ya yi abinsa ya ajiye? Wannan ai hannunsa ne."

Mutane suka ce Allahu Akbar, wasu suka fara cewa lallai ya san zai tafi. Na ji tsohon ƙyashin nan ya taso mini, a bakin kabarinsa, ƙafata cikin ƙasarsa. Aiki mafi kyau da na yi a rayuwata, shi ma an ba shi. Na buɗe baki zan ce ni ne.

Sai na rufe. Na durƙusa na ɗebi ƙasa da hannu biyu na zuba.

Allah Ka jiƙan Yaya, Ka yalwata masa makwanci, Ka saka masa da abin da ni ban saka masa ba. Ni kuma da na rage, Ka wanke mini zuciya kafin a auno nawa faɗin.